Gasar Tsere Uku: Shin Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Akwai wata gasa da take ƙara farin jini a duniya, har ta fara jan hankalin wasu matasanmu, musamman waɗanda karatu ko aiki ya kai Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa. Turawa suna kiranta tirayatalon, ni kuwa zan kira ta gasar tsere uku, domin mutum ɗaya ne zai faɗa ruwa ya yi ninƙaya, ya fito ya hau keke, ya sauka ya kama gudu, duk a jere ba tare da an tsayar masa da agogo ba. Abin da nake so mu duba a wannan mako shi ne batun kuɗin rajistarta. Shin ya dace mai hankali ya zaro maƙudan kuɗi daga aljihunsa domin a ba shi izinin wahalar da kansa?

Gasar ta samo asali, a siffarta ta yau, a birnin San Diego na Amurka a 1974. A 1978 aka yi gasar Ironman ta farko a tsibirin Oahu na Hawai, inda mutum 15 suka shiga, 12 suka kai ƙarshe, Gordon Haller ya zo na ɗaya bayan sa'a 11 da minti 46. Har yanzu ma'auninta bai sauya ba: ninƙayar kilomita 3.8, tseren keke na kilomita 180, sannan gudun fanfalaki na kilomita 42.2, kuma a yawancin wurare sa'a 17 ake ba mutum ya gama. Wadda ake yi a gasar Olamfik tun daga Sidni a 2000 ta fi sauƙi: ninƙayar kilomita 1.5, keke 40, gudu 10. Akwai kuma ƙaramarsu, wato mita 750 a ruwa, kilomita 20 a kan keke, 5 a ƙafa.

Kamar yadda nisan ya bambanta, haka kuɗin. Ƙananan gasa da ƙungiyoyin gari ke shiryawa ba su da tsada sosai, amma cikakkiyar Ironman ɗaruruwan daloli ce, a wasu wuraren ma ta doshi dubu. Mu ƙaddara dala 800 ce. Tunda dala ta haura naira dubu, kuɗin ya zarce naira 800,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Najeriya a 2024 naira 70,000 ne. Ke nan tikitin yini ɗaya ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na wata 11. Kada kuma mai karatu ya ɗauka ƙungiyar agaji ce take karɓar kuɗin. Kasuwanci ne: wani kamfanin ƙasar Sin mai suna Dalian Wanda ya sayi kamfanin da ya mallaki sunan Ironman a kan dala miliyan 650 a 2015, aka sake sayar da shi ga kamfanin Advance na Amurka a kan miliyan 730 a 2020. Wani kaso na abin da ɗan gasa yake biya, kuɗin suna ne kawai.

Duk da haka ba na cikin masu cewa asara ce tsagwaronta. A ganina, kuɗin rajista ya cancanci a biya shi idan yana saya wa mutum abin da ba zai iya tanadar wa kansa ba, kuma babban abin shi ne tsaron rai. Wani bincike da mujallar likitoci ta Annals of Internal Medicine ta wallafa a 2017 ya tattara mutum 135 da suka mutu ko zuciyarsu ta tsaya a irin wannan gasa a Amurka tsakanin 1985 da 2016. Daga cikinsu, 90 a ruwa abin ya same su. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, to amma wanda zuciyarsa ta tsaya a tsakiyar tafki ba ya fid da kansa, sai an fid da shi. Masu ceto a kan kwale-kwale, da motar ɗaukar marasa lafiya a bakin gaɓa, da likitan da ke tsaye da na'urar farfaɗo da zuciya, su ne ainihin hajar da ake saye.

Tsabtar ruwan ma ba kyauta ba ce. Faransa ta kashe kimanin yuro biliyan 1.4 wajen tsabtace Kogin Seine kafin gasar Olamfik ta Paris a 2024, amma duk da haka sai da aka ɗage tseren maza da kwana ɗaya, domin ruwan sama ya ƙara yawan ƙwayoyin cuta a kogin. Abin lura a nan shi ne an auna ruwan, aka kuma yi ƙarfin halin ɗagewa. Haka batun hanya yake. Kowa zai iya tuƙa keke kilomita 40 ba tare da ya biya ko sisi ba, amma wanda ya san yadda tirela da tanka suke wucewa a hanyar Kano zuwa Zariya ya san darajar titin da aka rufe, aka zuba jami'ai a kowace mahaɗa. Wanda kuma ya san yadda tsargiya take kama masu wanka a tafkuna da madatsun ruwanmu, ba zai raina ruwan da aka gwada a ɗakin bincike ba.

Akwai amfani na biyu da ba a rubuta shi a rasit. Ɗan Adam yakan yi wa abin da ya biya hidima fiye da abin da ya samu a banza. Wanda ya san kuɗinsa sun fita, ranar gasa kuma tana matsowa, shi ne zai fita atisaye bayan sallar asuba cikin sanyin hunturu. Idan rajistar ta sa mutum ya yi wata shida yana motsa jiki, ya gyara cimarsa, ya je likita ya duba zuciyarsa da hawan jininsa, to ya ci riba tun kafin a busa usur.

Inda mutane suke rudar kansu shi ne wajen lissafi, domin kuɗin rajista shi ne ƙaramin ɓangaren ɗawainiyar. Akwai keke, wanda na ƙwararru yake kai dubban daloli, da hular kwano wadda ba a barin kowa ya hau keke babu ita, da rigar roba idan ruwan mai sanyi ne, da kuɗin shiga wurin ninƙaya na watanni. Ga wanda zai tashi daga gida, akwai biza da tikitin jirgi da kuɗin ɗaukar keken da masauki, ko da kuwa a nahiyarmu za a yi, kamar ta Nelson Mandela Bay a Afirka ta Kudu ko ta rabin zango da aka fara a Rubavu ta Ruwanda a 2022. Sannan manyan gasa sukan buɗe rajista watanni da yawa kafin ranar, kuma ba kasafai suke mayar da cikakken kuɗi ba idan rauni ko rashin biza ya hana mutum zuwa. Wani lokaci iska ko igiyar ruwa takan sa a soke ninƙayar gaba ɗaya, a bar mutum da tsere biyu a farashin uku.

Saboda haka, shawarata ga mai sha'awa ita ce ya yi wa kansa tambayoyi kafin ya taɓa asusunsa. Wane tanadi masu shiryawa suka yi na ceto a ruwa da likitoci, kuma za a rufe hanya ko za a yi gogayya da motoci? Mene ne sharaɗinsu na mayar da kuɗi ko ɗage rajista zuwa baɗi? Yana da lokacin atisaye na gaskiya, tunda ba a fafe gora ranar tafiya? Sannan wadda ta fi kowacce nauyi: kuɗin nan rara ce, ko kuwa daga kuɗin makarantar yara da cefanen gida za a yanko su? Haƙƙin iyali yana gaba da lambar yabo, kuma babu gasar da ta kai a ci bashi dominta.

Idan amsoshin sun yi daɗi, a fara da ƙaramar, a gari mafi kusa, da keken da ake da shi. Tana ba da ruwan da ake gadi, da hanyar da aka rufe, da ranar da za a yi wa shiri, a kan kaso kaɗan na kuɗin babbar. Wanda ya gama ta lafiya, ya ga har yanzu ransa yana so, aljihunsa kuma zai ɗauka, sai ya matsa gaba. Amma wanda abin da yake nema shi ne riga mai tambari da hoton da zai ɗora a Facebook, gara ya riƙe kuɗinsa, ya sayi takalmi mai kyau, ya riƙa zagaya filin unguwarsu kowace safiya. Lafiyar da zai samu a can ba ta buƙatar rajista.