Mai Shago, Wa Kake Kai wa Ƙara?

Wata ɗabi'a ta yi kaka-gida a kasuwanninmu, har mun daina ganin aibunta. Shiga Kantin Kwari ko Singa a Kano, ka gai da mai shago, ka ce masa yaya kasuwa. A da amsar ba ta wuce "sai godiya". Yau kuwa, kafin ka zauna a benci, ya karanto maka farashin dala, da kuɗin dakon kaya daga Legas, da haraji, da wutar da ba a kawowa. A ganina wannan kuka yana cin jarin ɗan kasuwa kamar yadda gara ke cin katako, ta ciki, ba tare da ƙara ba.

Ban musa cewa an sha wuya ba. An rufe iyakokin Najeriya na tudu a watan Agusta 2019, an yi ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sannan aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar. Amma ruwan da ya doki mai shago shi ya doki mai saye. Matar da ta zo haɗa lefen ɗanta ta biya kuɗin adaidaita sahu mai tsada kafin ta iso, ta bar tukunya tana jiran cefane. In ka tare ta da ƙorafi, ka tuna mata cewa kuɗin hannunta yana da wata hanyar. Sai ta ɗaure bakin jakarta, ta ce bari ta zagaya ta dawo. Kowa ya san ma'anar wannan zagayen.

Asarar da ta fi wannan girma tana wajen bashi. Kasuwancinmu a kan amana ya ginu: ubangida ya ba yaronsa dilar atamfa, sai an sayar a biya, baƙo daga Maraɗi ko Garwa ya ɗauki kaya, ya turo kuɗi daga baya, sau da yawa ba takarda ba shaida. Abin da mai ba da kaya yake aunawa shi ne halin mutum da kalamansa. Wanda kullum bakinsa "kasuwa ta mutu", ya riga ya shaida wa ubangidansa cewa ranar biya da uzuri zai zo. Me zai sa a ƙara masa dila? Sai a ba maƙwabcinsa, wanda jarinsa bai fi nasa ba, sai dai shi yakan ce a kawo, za a san yadda za a yi.

Na san hujjar masu kukan. Suna cewa dabara ce: ka nuna babu, don ka tsira daga bakin mutane da 'yan uwa masu zuwa da buƙata. To, kunne ba ya tace wanda aka yi kukan dominsa. Wanda ka so ka kora ya ji, wanda zai ba ka kaya ma ya ji, yaron shagonka ya ji har ya fara neman wani ubangidan.

Kakanninmu sun fi mu sanin ciniki. Dubi yadda suka tsara ƙin tayi: ko an taya kaya da wulaƙanci, mai kaya "albarka" zai ce. Da addu'a ake hana mutum, don ƙofa ta zauna a buɗe. Haka gyara, haka shimfiɗar fuska da suka ce ta fi ta tabarma. Alhassan Ɗantata ya tashi a fataucin goro na Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, harkar ayari ta fara ja da baya, sai ya shiga sayen gyaɗa, yana ba wakilansa kuɗi su shiga ƙauyuka, har ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.

Ƙorafi yana da wurinsa. Harajin da ya yi yawa, da gobarar da ke cinye rumfuna, da hanyar da motar kashe gobara ba ta iya bi, a kai su gaban ƙungiyar 'yan kasuwa da hukuma, a rubuce, da ƙarfin murya. Abin mamaki, da yawa daga masu cika wa mai saye kunne ba sa halartar taron ƙungiyar, ko kuɗin wata ba sa biya.