Gwajin da Ya Bi Gajeriyar Hanya Yaudara Ce

Duk wanda ya taɓa ƙona data wajen sabunta manhaja, ya buɗe ta kuma ta ƙi tashi, ya san haushin abin. Abin mamaki, sau da yawa masu haɗa manhajar sun gwada ta, gwajin ya ce komai lafiya lau. Sai dai hanyar da gwajin ya bi daban, wadda manhajar ke bi a wurin aiki daban.

Git ya isa misali. Shi ne tsarin da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, wanda ake adana lambobin manhaja da tarihin duk gyaran da aka yi musu. Da umarnin `git clone` ake ɗauko kwafin rumbun. A wurin aiki, daga intanet ake ɗaukowa, kamar daga GitHub, kuma don rage nauyi akan ƙara `--depth 1`, wato a kawo gyara na ƙarshe kaɗai. A wurin gwaji kuwa, saboda son sauri, sai a nuna wa Git wata folda da ke cikin kwamfutar.

A nan gizo ke saƙar. Idan aka ba Git sunan folda kai tsaye, yana watsar da `--depth`, ya kwaso tarihin gaba ɗaya. Yana ma yin gargaɗi a kai, amma wa ke karanta gargaɗi alhali gwaji ya yi kore? To, manhajar da ke ƙirga gyare-gyare don ta fitar da lambar sigarta za ta ci gwajin, domin tarihin na nan a gabanta. Ranar da ta hau uwar garke sai ta tarar da gyara ɗaya tal, ta buga lambar da ba daidai ba, ko ta tsaya cak.

Maganin bai kai ya kawo ba: a rubuta adireshin da `file://` a farkonsa. Wannan na tilasta wa Git ya yi musayar bayanai irin wadda yake yi da rumbun nesa, ya kuma mutunta `--depth`.

Sunan reshe ma haka. Tun Oktoban 2020 sabbin rumbunan GitHub ke farawa da `main`, amma Git ɗin da ba a taɓa saitinsa ba yana ƙirƙirar `master`. Gwajin da bai ambaci sunan reshe ƙarara ba, sa'a kawai yake ci.

Masu cewa hakan na rage saurin gwaji ba ƙarya suka yi ba. Amma a ƙaramin rumbu jinkirin ba ya taka kara ya karya, kuma mai haɗa manhajar ne ke ɗaukar sa a teburinsa. Idan ya ƙi, mai waya ne zai sake sayen data ya sauke gyaran gaggawa.