Ribar Sana'a Tun Daga Saye Take: Darasi Daga Ƙauyukan Kamlin

'Yan uwa iyayen gida da iyayengiji, a wannan fitowa za mu leƙa Sudan, wurin danginmu Hausawa mazauna Jazira, domin mu yi magana a kan abin da ke cinye ribar mai sana'ar hannu, wato kuɗin kayan aiki.

Kamlin gari ne a gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, a kan hanyar Khartum zuwa Madani. Hausawa sun daɗe a wannan ƙasa. Wasu alhazai ne da hanya ta tsayar, wasu kuwa zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka buɗe noman auduga na Jazira a 1925, sai ƙauyukansu suka yawaita a bakin magudanan ruwa. Maza na gona, mata kuwa a cikin gida suna saƙar tabarma da faifai, suna ɗinkin hula.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya jarrabi waɗannan gidaje. Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara, sojoji ba su karɓe ta ba sai Janairun 2025. Dala ɗaya da ake canzawa kusan fam 600 kafin yaƙi, ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage a 2024. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje, kamar zaren hula da galura da allura, ya yi tashin gwauron zabi, alhali mai sayen faifai aljihunsa ya ƙafe. Mai sana'a ba ta da ikon ƙara kuɗin kayanta. Ƙofar da ta rage mata ita ce rage abin da take kashewa. Wannan hali ba baƙo ba ne a Maraɗi ko Kano.

Matakin farko shi ne lissafi. Da yawa daga cikin iyayenmu mata sun san nawa suka sayar da hula, amma ba su san nawa ta ci ba. A samu ɗan littafi, yaro ɗan makaranta ya riƙa rubutawa: zare nawa, yadi nawa, kuɗin mota nawa. Sau da yawa a nan ake gane cewa kuɗin zuwa kasuwa domin ƙulli biyu na zare ya fi zaren kansa.

Na biyu, saye a haɗe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Adashin da muka sani, wanda mutanen Sudan ke kira sanduƙ, ba sai don biki kaɗai ba. Idan mata goma suka haɗa kuɗi, mutum ɗaya amintacce ya je wurin mai sari ya ɗauko kwali guda, sun biya kuɗin mota sau ɗaya maimakon sau goma, sun kuma tsallake ribar mai tebur. Sharaɗi dai a raba kayan a gaban kowa, a rubuta rabon kowa, domin kada zumunci ya ɓaci a kan zare.

Na uku, sanin lokaci. Ƙasar Jazira baƙar laka ce, idan ruwa ya sauka daga Yuli zuwa Satumba hanyoyin ƙauye kan yanke, kaya su yi wuyar isowa. Mai hankali tun da rani take sayen kabarta, ta shanya ta bushe sarai, ta rataye nesa da ƙasa saboda gara, ta riƙa jiƙa daidai abin da za ta saƙa a yini. Haka nan zaren hular Sallah, tun kafin azumi ake nemansa.

Na huɗu, a daina raina abin da ke gindinmu. Mu da muka tashi a zauren makarantar allo ba mu taɓa ganin an sayi tawada a kanti ba. Baƙin tukunya ko garin gawayi ake haɗawa da ƙaro da ruwa, alƙalami kuwa na kara ne, a fere shi da wuƙa. Makarantun allo na Sudan, waɗanda suke kira halwa, su ma haka suke yi, ga shi kuwa ƙasarsu ce kan gaba a duniya wajen fitar da ƙaro. Karan dafi yana ba da jan rini mai kama jiki. Ƙyallayen da tela ke sharewa suna cika matashin kai, tsohon buhu kuwa a warware shi a tufka igiya. Da yayyafi kogi kan cika.

Sai dai akwai tsimin da hasara ne. Araha ba ta ado. Galurar da ke zuba a wanki na farko, ko zaren da ke tsinkewa a bakin allura, ba rangwame ba ne, korar mai saye ne. Wadda ta ɓoye ruɓaɓɓiyar kaba a cikin faifai ta yi algus, kuma sunan da aka yi shekaru ana ginawa yakan rushe a kasuwa ɗaya. A rage tsada a wajen saye, kada a rage inganci a wajen aiki.

Daga ƙarshe, kira gare mu maza. Jarin mace dukiyarta ce, shari'a ta tabbatar mata da ita. Idan muka ranci kuɗin zarenta muka yi cefane, bashi ne a wuyanmu, mu biya kafin ranar kasuwa. Sana'o'i da yawa ba tsada ta kashe su ba, rancen maigida ne da ba ya dawowa.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya sanya albarka a hannun masu nema. Sai fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalam.