Koken masu fama da fuka a gundumar Madarunfa

Zuwa ga Mai girma Gwamnan Jihar Maradi,

Mu iyayen yara masu ciwon fuka, da manyanmu da ke fama da ita, daga Madarunfa, Ɗan Isa, Gabi, Safo, Jiratawa da Sarkin Yamma, muke kawo kukanmu gabanka.

Kowace shekara wahalarmu kan fara da kaka, lokacin sussuka da shiƙa, ta tsananta idan hunturu ya sauko da hazo. Matanmu kuwa ba su da hutu, domin hayaƙin kara da itace yana murhu rani da damina. Cikin dare yaro ya tashi zaune, haƙarƙari na shiga ciki, ƙirji na fito, ba ya iya haɗa kalma uku. A ɗora shi kan babur zuwa likitar ƙauye. Sau da yawa a ce sanyin haƙarƙari ne, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da na tari, a sallame mu. Bayan ƴan makonni mu koma. Wasunmu har gwajin tarin tibi an yi musu kafin a gano fuka ce a Maradi, bayan an sayar da akuya, an rasa ranakun noman rani a bakin tafki, yara sun bar makaranta.

Ba mu zo ƙarar malaman jinya ba. Mutum ɗaya ne ke duba zazzaɓin sauro da tamowa da haihuwa. Horo ne bai kai gare su ba. Ko an rubuta mana Ventoline, da wuya a samu mai nuna yadda ake shaƙarsa: akwai uwar da ta yi wata da watanni tana fesa wa ɗanta a fuska kamar turare. Ba a gaya mana cewa wannan na buɗe numfashi ne kawai ba, akwai kuma na kariya irin beclometasone da ake shaƙa kullum. Ba a nuna mana cewa gorar ruwa ta rabin lita, idan aka huda gindinta aka sa bakin maganin, tana kai shi huhun ƙaramin yaro ba. Shi ya sa jita-jita ta ci kasuwa, wai wanda ya fara shaƙa ba ya bari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 fuka ta kama mutum miliyan 262, ta kashe 455,000, akasarinsu a ƙasashe marasa ƙarfi. Tun 2006 ƙasarmu ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, muna godiya. Amma kyautar ba ta amfanar yaron da ba a gane ciwonsa ba.

Mun kai wannan kuka da baki a hunturun bara waccan, aka ce mu rubuta. Mun rubuta bara, har yau shiru.

Muna roƙon ka ba da umarni a horar da malaman jinya, ungozomomi da masu sayar da magani na gundumarmu kan gane fuka da koya wa marar lafiya shaƙar magani, da Hausa, kafin hunturu mai zuwa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da manyan likitocin Maradi suna kusa da mu. A kuma ajiye magungunan biyu da na'urar awon numfashi a kowace cibiyar lafiya.

Allah ya ja zamaninka.

Mu ne talakawanka,
Iyaye da masu fama da fuka na gundumar Madarunfa