ƘARA WA BARNO DAWAKI

Ran 26 ga Yuni 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar haraji. Gaskiya ɗaya ce: an ɗauke haraji ga wanda samunsa na shekara bai wuce Naira 800,000 ba, wannan kam mun yaba.

Amma jama'a, mu duba rangwamen haya. Doka ta ce a cire kashi 20 cikin ɗari na hayar gidan mutum daga kuɗin da za a yanka masa haraji a kai, iyakarsa Naira 500,000. Sai mai hayar miliyan biyu da rabi zai sami wannan cif. In yana ajin masu biyan kashi 25, ya tsira da Naira 125,000. Tela mai hayar 150,000, a ajin kashi 15, nasa 4,500 tak. Ashe ba ƙara wa Barno dawaki ke nan ba?

Kuma rangwame sai da takarda. Attajiri yana da akawu. Mai koli da mai facin taya fa? Kuɗin rumfa kuwa, a yi ciniki ko kada a yi, tilas a biya.

Abin da muke nema: a yanke rangwame daidai wa daida, a cire shi daga harajin kansa, babba da ƙarami.

Ku kuma 'yan'uwa 'yan kasuwa, kada ku biya haya ko kwabo ba rasit. Ku rubuta cinikinku kullum, don kada a yanka muku da ka.