SHA'ANIN MOTA: An Yi Saitin Ƙafafu, Amma Mota Tana Ja Gefe Ɗaya

A wannan mako za mu duba wani al'amari da yakan haddasa gardama tsakanin masu motoci da makanikai. Mutum ya kai motarsa an yi mata saitin ƙafafu, ya biya kuɗinsa, amma da ya hau titi ya ɗan sassauta hannu a kan sitiyari sai ya ga ta nufi gefe kamar jakin da ya hango gida. Nan da nan sai ya ce an cuce shi. To, wani lokaci laifin mai saitin ne, amma sau da yawa ciwon yana wani wuri dabam.

Kada kowa ya ɗauki wannan ƙaramin abu. Direban da ya tashi daga Legas zuwa Kano yana kokawa da sitiyari, kafin ya kai Lokoja kafaɗunsa sun gaji, kuma gyangyaɗi ɗaya ya isa ya kai shi rami ko gaban tirela.

Da farko a lura da titin kansa. Ana gina hanya da ɗan tudu a tsakiya domin ruwan sama ya gangare gefe. Tun ran 2 ga Afrilu, 1972, da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, lafiyayyar mota ma takan ɗan zame dama sannu a hankali. Saboda haka a gwada ta a shimfiɗaɗɗen fili ko hanyar da ba kowa. Har ila yau a sauke kaya kafin gwaji, gama buhunan hatsi da aka jibge gefe guda suna iya karkatar da ita.

Na biyu, iska. Mota takan ja zuwa gefen da tayarsa ta fi ƙarancin iska, ko da bambancin maki 4 ko 5 ne. A auna da geji mai kyau da safe, kafin taya ta yi zafi, a kuma bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba ko cikin littafin motar. Bugun taya da ƙarfe da wasu masu faci kan yi ba awo ba ne.

Na uku, ita tayar kanta, kuma nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi. Wata taya takan fito daga masana'anta wayoyin cikinta sun ɗan goce, ko kuwa ta cinye gefe ɗaya saboda tsohon rashin saiti, sai ƙirarta ta zama tamkar bokiti. Kowa ya san in aka gara bokiti a ƙasa ba ya tafiya sak, kewayawa yake yi. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a musanya tayoyin gaba biyu, ta dama ta koma hagu. Idan jan ya sauya gefe, ko ya ɓace, to taya ce, ko sau goma aka sake saiti ba zai yi magani ba. Sai a mai da ita baya ko a sake ta. Idan tayar mai alamar kibiya ce a jikinta, a mai da kowace wurinta bayan gwaji. Masu sayen tayoyin hannu su yi hattara ƙwarai, su kuma duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke jikin taya, waɗanda tun shekarar 2000 suke nuna makon da aka yi ta da shekarar.

Na huɗu, birki. Idan kalifa ta cije, ko tiyon man birki ya toshe ta ciki, ƙafar za ta riƙa riƙewa, motar kuwa ta bi ta. A yi tafiyar kilomita kaɗan, a tsaya, a kusantar da hannu ga kowane wili ba tare da an taɓa ba. Wanda ya fi zafi shi ne mai laifi. In kuwa sai an taka birki ne take fizgewa, to gefe ɗaya ne ba ya kamawa sosai. Wannan ba ya jiran gobe.

Sai bayan duk waɗannan za a koma kan mai saiti. Kusurwa uku ake dubawa. Akwai yadda gaban tayoyi ke fuskantar juna, wanda ake gyarawa ta tayarod. A gareji da yawa wannan kaɗai ake taɓawa, alhali kuwa aikinsa shi ne miƙe sitiyari da hana cin taya, ba safai yake kawo ja ba. Akwai kamba, watau jinginar taya ciki ko waje: kamar wilin keke da yara ke garawa, inda ya jingina nan yake nufa. Sa'an nan akwai kasta, watau kwanciyar sandar da ƙafa ke juyawa a kanta, irin ta ƙahon keke. Mota takan bi gefen da kastarsa ta fi ƙanƙanta. Bambancin da ya wuce rabin digiri tsakanin dama da hagu ya isa direba ya ji shi a hannu.

Abin lura shi ne, motoci da yawa ba su da wurin gyara kamba ko kasta. Idan awo ya nuna sun goce, lalle wani ƙarfe ne ya lanƙwashe a rami, ko shokazoba, ko bushin ya mutu, ko sifirin ya kwanta, ko kuwa motar ta taɓa haɗari shasinta ya karkace. Maganin shi ne sauya abin da ya lalace, sa'an nan a sake saiti. A kuma auna ƙafafun baya, domin idan sun kalli gefe, motar za ta riƙa tafiyar kare. Motocin zamani masu sitiyarin lantarki kuwa, wasunsu sai an sake daidaita na'urar sitiyarin da kwamfuta bayan aikin.

Shawararmu ita ce, mai mota ya nemi a ba shi takardar awo ta kafin aiki da ta bayansa, ya kuma zaga da makanikensa kafin ya bar garejin. Makanikai su kuma su ji tsoron Allah, su faɗa wa mutum gaskiya idan saiti ba zai yi masa amfani ba. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya kiyaye hanya, amin. Sai mako mai zuwa.