JINIYA A MARARRABA: LAIFIN DIREBA NE KO NA MAI KAYA?

Ina roƙon a ba ni fili a wannan takarda tamu in amayar da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar kuwa ita ce yadda motocinmu na dabbobi suke afka wa mararraba a cikin garin Sabha, musamman idan motar asibiti, wadda mutanen nan suke kira is'af, ta taho tana jiniya.

Da kaina zan fara, don kada a ce na zo wa'azi ne a kan wasu. Wata shekara, ana saura kwana takwas layya, muka ɗauko raguna daga Gatrun, ina gaban mota tare da direba. Dare muka raba muna tafiya, kuma tun daga hanya ba abin da nake ce masa sai, "Malam, taka ta, kada kasuwa ta ci ba mu." Muka shigo gari rana ta ɗan ɗaga. A wani shataletale sai ga is'af ta shigo da jiniya, kowa ya ja birki, mu ma muka dakata. Tana wucewa direba ya sa giya ya danna kai. Ashe biyu ne, ta biyun tana bin ta farkon a baya, jiniyarsu ta haɗu ta zama kamar ta mota ɗaya. Yaron mota da ke sama shi ya hango ta, ya shiga dukan rufi yana ihu. Direba ya take birki, raguna suka zube gaba gaba ɗaya, mota ta ƙi tsayawa inda aka ce ta tsaya, muka ɗauki is'af ta kusurwar baya muka juya ta.

Allah Ya rufa asiri ba a rasa rai ba. Mace ce a ciki mai naƙuda, aka ciro ta a idon jama'a aka sa a motar wani bawan Allah, daga baya aka ce mini ta sauka lafiya. Amma mota ta kwana huɗu a tsare, raguna 11 suka mutu, wasu da matsi wasu da zafin rana, na biya gyaran is'af, kuma sai da dattawa suka yi ta kai-kawo kafin a saki direba. Kasuwar da nake wa gaggawa ta ci ta watse ban sayar da ko ƙaho ba. Garin neman gira na kusa rasa ido.

To, 'yan uwa, in irin wannan ta faru, abin da muka saba shi ne a taru a zango a ce direbobin yanzu ba su da natsuwa. Ni dai ra'ayina, kaso mafi girma na laifin namu ne, mu masu kaya. Wa yake cewa a ƙara dabba goma a kan lodi don kuɗin mota ya fita? Wa yake hana direba ya runtsa a Taragin ko Umm al-Aranib? Wa yake ɗaure fuska in an ce a tsaya a duba birki da taya? Direba ɗan haya ne, fuskar Alhaji yake kallo. In ya ga Alhaji yana ta duban agogo, ƙafarsa ba za ta bar totur ba.

Akwai abin da ya kamata kowa ya riƙe game da garin nan. Babban asibitin Sabha shi ne madogarar kudancin Libiya baki ɗaya. Is'af ɗin da ka gani a mararraba wataƙila daga Ubari ta taso, tafiyar kusan kilomita 200, ko daga Murzuk, ko Birak, ko ma Gat can bakin iyakar Aljeriya. Wata kuma fita za ta yi zuwa Tarabulus, fiye da kilomita 700. Direbanta ya gaji kamar naka, kuma a bayansa akwai dangi suna kuka suna cewa ya ƙara wuta. Wato mutum biyu ne masu gajiya, kowa ana zuga shi daga baya, suka nufi wuri ɗaya. Waɗanda suke nan a 2022 ba su manta ranar 1 ga Agusta ba, da tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a Bint Bayya a kan hanyar Ubari. Rahoton farko ya ce aƙalla mutum 9 sun rasu, sama da 70 sun ƙone, kuma Sabha aka yi ta kwaso su. A rana irin wannan is'af ba ta zuwa ita kaɗai. In ɗaya ta wuce, ka sa a ranka akwai wata a bayanta, ka ƙirga numfashi uku kafin ka motsa.

Sannan motar dabba daban take da motar siminti. Buhu inda ka ajiye shi nan za ka same shi, amma dabba rai gare ta. Ka taka birki ta zube gaba, ka karya kwana ta kwanta gefe guda, nauyin ya tura motar ko ya kifar da ita. Ko raƙuman da ake durƙusarwa a ɗaure, in igiya ta yi sako-sako haka ne. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a sakan ɗaya, kafin direba ya ji jiniya ya gane ta ina take ya ɗaga ƙafa, an riga an ci tsawon tirela ɗaya ko biyu. Kuma duk wanda ya ninka gudu, nisan da birki yake bukata ya ninka sau huɗu. Wanda ya shigo mararraba a kan 30 yana da dabara a hannu. Wanda ya shigo a kan 60 da lodin raguna sai dai salati.

Jiniyar ma ba kullum ake jin ta ba. Gilashi a rufe saboda ƙura, injin gas yana ruri, dabbobi suna kuka, waya tana waƙa, ga katangun gidaje sun tare sauti. Ranar da aka ɗauke wuta danja ta mutu, ko layin mai ya cinye rabin titi, abin sai ya ƙara lalacewa. Shi ya sa nake cewa da an ga gidajen farko na gari a sauke gilashi, a kashe waƙa, yaron mota ya bar hira ya zama ido.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a fuska. Za a ce, "Alhaji, ba kowace jiniya ce ta mara lafiya ba. Akwai mai kunna ta don ya je cin abinci, akwai kuma masu bindiga da mota mai baƙin gilashi, in ka tsaya musu da dare kai da kayanka sai labari." Wannan gaskiya ne, duk wanda ya zauna a Sabha bayan 2011 ya ga abin da ya gani. Amma ni ban ce a kashe mota a sauko ba. Na ce a rage gudu, a raɓe dama, a bar hagu a buɗe, kada kuma a tsaya cak a tsakiyar shataletale a toshe kowa. In mai jiniyar maƙaryaci ne, shi da Allah, kai sakan goma ka rasa. In mai gaskiya ne fa? Ba ka da hanyar leƙa cikin motar kafin ka yanke hukunci. Akwai kuma wata mummunar ɗabi'a da na ga yaranmu masu Hilux sun koya, ta manne wa is'af a baya don ta buɗe musu hanya. Ranar da ta ja birki ba zato, kan mara lafiyar za ka hau.

Waɗanda muka yi Islamiyya mun karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid cewa mai kora dabba da mai janta da wanda ya hau ta, duka suna ɗaukar lamunin abin da ta taka. Kalmar da aka kira mai korar da ita, sa'iƙ, ita ce Larabawa suke kiran direba da ita yau. A nan ne kuma muka karanta cewa diyyar kisan kuskure raƙumi 100 ce ga masu raƙuma, bayan kaffarar azumin wata biyu a jere. Mu ba sai an yi mana lissafin raƙumi 100 ba, kowa ya san farashin turke. A littafi dangin mutum ne suke haɗuwa su biya. To a ƙasar baƙunci ina dangin direban da ya fito daga Tanut ko Maigatari? Mu ne. Mu za a zo wa da faranti a zango. Kuma in baƙo ya bankaɗe is'af ɗin 'yan gari aka rasa rai, ba sunan direba za a riƙe ba, cewa za a yi Hausawan kasuwar dabbobi ne, washegari kowace bawaba ta yi mana tsauri.

Saboda haka ina kawo wa ƙungiya shawara a tattauna a taro mai zuwa. Duk haɗarin da aka yi a cikin gari, kafin a taɓa asusun taimako a tambayi yaron mota, ba a gaban Alhaji ba, awa nawa direba ya yi bai yi barci ba, dabba nawa aka loda, kuma wa ya ce a yi sauri. In ta tabbata mai kaya ne ya matsa, ya ɗauki rabin asarar daga aljihunsa, kada a zaftare ladan direba. Na san wannan ba za ta yi wa wasu manyanmu daɗi ba. Da wannan doka tana nan a waccan shekara, ni za ta fara kamawa, kuma a shirye nake in fara sa hannu.

Wassalam.

Daga ɗan uwanku falke, Sabha.